KAMA DA WANE BA TA WANE: MAGANAR "MAKASHIN ƘARYA" DA DANGINSA NA TEKU

Masu jiran a ɗora labari daga inda aka tsaya su yi mini uzuri, yau wata magana ce ta daban ta taso. Magana ce a kan wata dabbar teku da Turawa suka raɗa wa sunan da bai dace da ita ba, mu kuma ga mu nan muna shirin gadar sunan kamar yadda muka saba gadar komai nasu, ba tare da mun tambayi inda ya samo asali ba.

Kogin nan namu na Wudil ba ya zuwa teku. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗe tun kafin su iso mana, ruwan ya bi ta ƙarƙashin gada ya nufi Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Nguru, abin da ya yi saura ya bi ta Gashuwa ya doshi Tafkin Chadi. Daga farkonsa har ƙarshensa bai taɓa haɗuwa da ruwan gishiri ba. Wannan ne ya sa duk abin da ke cikinsa masuntanmu sun san shi da sunansa, tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu da gaiwa da minjirya da tsage, babu wanda za ka nuna wa tsohon masunci ya yi kame-kame. Amma abin da ke cikin teku Bahaushe bai gan shi ba ballantana ya sa masa suna. Da can wannan ba matsala ba ce. Yanzu kuwa da waya ta kawo teku har cikin ɗakunanmu, yara na kallon waɗannan halittu safe da yamma, masu fassara labarai na kawo rahotonsu, sai ka ji duk an tattara su an zuba a kwando guda, an ce "ƙaton kifi". In guguwa ta jefo gawar ɗaya daga cikinsu gaɓar Legas ko Bayelsa, kanun labarin ke nan, wai an tsinci ƙaton kifi.

To ba kifi ba ne, mai karatu. Da huhu suke numfashi kamar ni da kai, dole sai sun taso saman ruwa sun shaƙi iska ta wata kafa da ke tsakar kansu, in an danne su a ƙasa nutsewa suke yi su mutu. Ɗa suke haifa, su shayar da shi nono, jininsu kuma mai ɗumi ne. In kana son shaida mai sauƙi, ka tsaya wajen masu soya kifi a bakin gada ka dubi wutsiyar ƙarfasa. A tsaye take, kuma dama da hagu take kaɗa ta. Wutsiyar waɗannan kuwa a kwance take, sama da ƙasa suke buga ta, irin yadda gadon bayan doki ke lanƙwasa in yana sukuwa.

Guda uku nake son mu duba. Na farko dolfin, wanda kowa ya sani, mai dogon baki da ake nunawa yana tsalle yana wasa da mutane. Na biyu oka, ƙaton nan mai baƙi da fari kamar an yi masa fenti, wanda namijinsa kan kai mita 8 da nauyin tan 6. Turawa suna da kalmar wel da suke kiran manyan dabbobin teku da ita, shi kuma oka suka ce masa "wel makashi". Tun daga nan aka fara kuskure, domin kuwa a wajen masana oka dolfin ne, hasali ma shi ne babban yaya a gidan dolfin, gidan da ya ƙunshi iri sama da 30. Ana cewa matuƙan jiragen ruwan Sifen na da ne suka gan shi yana farautar manyan wel sai suka kira shi "makashin wel", da sunan ya shiga Ingilishi aka juya shi baibai. Wato suna ɗaya, kuskure biyu.

Na ukun shi ne gwanin nawa. Da Ingilishi False killer whale ake ce masa, ma'ana makashin ƙarya, ko jabun makashi. Jama'a, ku ji fa. Dabbar da ke rayuwarta a tekunan duniya masu ɗumi, tsawon namijinta ya kai mita 6, nauyinsa ya haura tan 2, wato sai ka haɗa manyan bijimai huɗu ko biyar na Kara ranar Juma'a kafin ka kamo shi, tana iya nutsawa sama da mita 900 a ƙarƙashin ruwa, amma abin da aka ga ya dace a kira ta shi ne jabun wani.

Yadda aka yi ta sami sunan shi ne abin da ya fi ba ni haushi. A 1843 aka tono wasu tsofaffin ƙasusuwa a wata fadama da ke yankin Linkonsha a Ingila. A 1846 wani masanin ƙashi mai suna Richard Owen ya yi bayaninsu a rubuce, ya lura da kaurin haƙoran, ya kuma ɗauka cewa dabbar ta daɗe da ƙarewa a duniya. Ana nan a haka sai a 1861 ruwa ya jefo wasu daga cikinsu gaɓar Kiel, wadda ke cikin Jamus a yau, da namansu da fatarsu. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Johannes Reinhardt, ya bincika su, a 1862 ya ba jinsin suna Pseudorca, wato oka na ƙarya, saboda ƙoƙon kansu da haƙoransu sun yi kama da na oka. Ke nan daga ƙashi aka sa sunan. Da a raye aka fara ganinsa yana iyo, babu mai hankalin da zai haɗa shi da oka, domin shi baƙi ne wuluk ko toka-toka mai duhu, siriri, kansa a dunƙule ba dogon baki, ba shi da farin ciki da farin tabon gefen ido irin na oka, sannan fiffikensa na gefe yana da wata lanƙwasa a tsakiya kamar gwiwar hannu, wadda da ita masana ke gane shi daga nesa. Kamar a ce an ga takalmin mutum a ƙofar zaure ya yi kama da na Alhaji Wane, shi ke nan aka laƙaba masa "Alhajin ƙarya", har jikokinsa.

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Da aka zo zamanin gwajin ƙwayoyin halitta, sai ta tabbata cewa shi da oka gida ɗaya suka fito amma ɗaki daban, dangantakar ma ta nesa ce. 'Yan ɗakinsu na kusa wasu baƙaƙen dolfin ne masu dunƙulallen kai, irin wanda ake kira wel mai ja-gora da dolfin ɗin Risso. Kuma babu wani zumunci tsakaninsa da wanda aka jingina shi da shi. A watan Maris na 2010, a gaɓar arewacin Niu Zilan, masu bincike sun ga wani garken oka ya afka wa ayarin waɗannan baƙaƙen, suka yi ta dukansu suna cilla su sama, har suka kashe wani ɗan ƙarami suka cinye. Wanda aka ce kai jabunsa ne, shi ne mai cin 'ya'yanka.

Su wa ke cikin ayarin tare da su a ranar? Dolfin masu dogon baki. A can Niu Zilan ɗin an shafe shekaru ana ɗaukar hotunansu, aka gano cewa jinsunan biyu tare suke yawo, tare suke farauta, kuma ba haɗuwar hanya ba ce, domin akan ga wannan da wancan, su ɗin dai, tare bayan shekaru. Abin ya ma wuce abota. A wani gidan ajiye dabbobin ruwa da ke Hawai, inda aka haɗa namijin baƙin da macen dolfin a tafki ɗaya, a watan Mayu na 1985 macen ta haifi 'ya, aka sa mata suna Kekaimalu. Uwarta haƙora 88 gare ta, ubanta 44, ita kuwa ta zo da 66, raba-daidai kamar an yi da alƙalami. Mu nan mun san alfadari, ɗan jaki da goɗiya, mun kuma san ba ya haihuwa. Ita Kekaimalu ta haihu, har ta sake haihuwa a ƙarshen 2004. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum inda jinin ya karkata.

Kada a ce na mai da shi waliyyi. Mafarauci ne na gaske, manyan kifaye irin su kifin tuna ne abincinsa, kuma a gabashin tekun Fasifik an gan shi yana kai wa ƙananan dolfin hari a lokacin da masu kamun tuna ke sakin su daga koma. Amma in za a sa wa dabba suna da halinta, akwai halin da ya fi wannan fitowa fili a wajensa, shi ne rabo. In ɗayansu ya kama kifi ba ya haɗiyewa shi kaɗai, sai ya miƙa wa na kusa, wannan ya miƙa wa wancan, kifin ya zagaya kafin a ci. A Hawai an sha ganin sun kawo wa masu ninƙaya da mutanen cikin kwalekwale kifi sun miƙa masu, kamar dai maƙwabciya ta aiko da ɗan kwano. Suna zama cikin ƙungiya ɗaya shekara da shekaru, kuma ana jin wannan riƙon junan na daga cikin dalilan da ke sa in suka faɗa tudu sukan faɗa gaba ɗaya. A 1946 guda 835 suka maƙale a gaɓar Mar del Plata ta ƙasar Ajantina. A watan Fabrairu na 2025 wasu 157 suka maƙale a wani lungu na tsibirin Tasmaniya a Ostireliya, igiyar ruwa ta hana a mai da su, dole hukuma ta ƙarasa waɗanda suka yi saura da rai don kada su yi ta shan azaba a kan yashi.

Akwai kuma wani abu da ya tsaya mini a rai a matsayina na mai rubuta labaran gidaje. A cikin dabbobin duniya ƙalilan ne macensu ke daina haihuwa ta ci gaba da rayuwa shekaru masu yawa, kamar 'ya mace a cikin mutane. Oka na ciki, wannan baƙin ma na ciki. Macensa takan daina haihuwa in ta haura shekara 40, ta kuma iya kaiwa 60. Wato akwai kaka a gidan. A wajen oka, inda aka fi yin bincike, an gano cewa jikokin da kakarsu ke raye sun fi tsira, musamman a shekarun da abinci ya yi ƙaranci, domin ita ce ta san inda ake samu. Duk wanda ya tashi a gidan da akwai tsohuwa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce ai mu ma haka muke sa suna, don me za a ga laifin Bature? Gaskiya ne. Giwan ruwa kifi ne, ragon ruwa ba ya layya, karen ruwa ba ya haushi, raƙumin dawa kuma ba a taɓa ɗora masa kaya ba. Amma akwai bambanci. Wanda ya ce giwan ruwa ya gan shi, ya taɓa shi, ya ci shi da yaji, sunan ba zai ruɗe shi ba. Dabbar da ba ka taɓa gani ba kuwa, ba kuma lalle ka gan ta ba har ka koma ga Allah, sunanta shi ne iyakar abin da ka mallaka game da ita. In sunan ya karkace, fahimtarka ta karkace ke nan. Ko magabata sun san nauyin wannan. An ruwaito a cikin Mudawwana cewa an tambayi Imamu Malik game da cin wata dabba da ake kira aladen ruwa, sai ya ƙi yanke hukunci, ya nuna wa masu tambayar cewa su ne fa suka kira ta alade. Almajirinsa Ibnul Ƙasim ya ce shi yana kauce wa cinta, amma bai ga haramci ba. Wasu malaman da suka yi rubutu a kan dabbobi sun ce dolfin ake nufi. Ni ba fatawa nake bayarwa ba, wannan fagen malamai ne. Abin lura kawai shi ne dabbar ba ta haɗa komai da alade ba, suna ne ya jawo mata tsaiko a gaban babban malami irin wannan.

Bari in dawo da maganar gida, don kada a ce mene ne ruwan ɗan Wudil da abin da ke faruwa a Hawai. Muna da dabbobin ruwa biyu da Bahaushe ya sani ya kuma sa masu suna, dorina da ayu. Masana sun ce a cikin duk dabbobin da ke raye a yau, babu wadda ta fi kusa da wel da dolfin kamar dorina, irin wadda ke Dadin Kowa da Yawuri. Ayu kuwa, wanda in ka ga hotonsa za ka rantse ƙanin wel ne, danginsa na kusa giwa ce. Kama da wane dai. Har ma a ƙasar nan, a Ameki da ke yankin jihar Abiya ta yanzu, an tono muƙamuƙin wani tsohon jinsin wel, aka yi bayaninsa a wajajen 1920, aka kuma sa masa sunan Gwamna Lugga. Ka ga ko ƙashin da aka tono a ƙasarmu sunan wani ya ɗauka.

Ayu shi ne inda kalmar "kifi" ke yin ɓarna a gabanmu. Sau nawa ka ji an ce "kifin ayu"? Mai kiwon tarwaɗa ya san uwa ɗaya na zuba dubban ƙwai, don haka in an ce kifi, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne abin da ba ya ƙarewa, a kama yau gobe ruwa ya kawo wani. Ayu kuwa cikin kimanin shekara guda take ɗauka, ta haifi ɗa ɗaya tal, ta shayar da shi, ba za ta sake haihuwa ba sai bayan shekara biyu ko uku ko fiye. Kowace kwalbar man ayu ta gaskiya, uwa ce ko ɗa aka kashe a Neja ko Binuwai. Tun 2013 aka sa ayun Afirka cikin jerin dabbobin da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe saboda raguwar da suke yi. Mu kuwa marubuta, a littafi nawa aka lissafa wa amarya man ayu cikin kayan gyaran jiki, kamar ana maganar man kaɗanya? Abin da ya rage wa ayu sauƙi shi ne wani abin da ake sayarwa da sunansa Allah kaɗai Ya san man mene ne. Nan ne inda kalmar jabu ta dace.

Lissafin baƙin nan na teku ya ma fi na ayu tsanani. Cikinsa wata 15 ne ko kusa da haka, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa akan yi wajen shekara 7. Yana da ɗabi'ar bin dogon mamarin manyan jiragen kamun kifi yana zare abin da ƙugiya ta kama, wani lokaci ƙugiyar ta kama shi, wani lokaci masu jirgin su huce haushinsu a kansa. Garken da ke zaune a kewayen manyan tsibiran Hawai bai kai 200 ba, tun 2012 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa. Kuma ba can nesa kaɗai yake ba, an same shi a ruwan Gana da na Gabon, wato a cikin tekun nan da Legas da Fatakwal ke bakinsa. In an gaya wa mutum cewa an kama "kifi makashi na ƙarya", wane tausayi zai ji? Kifi ne, a ci. Makashi ne, gara da aka kashe. Na ƙarya ne, ba ma na gasken ba ne ballantana a damu. Kalma uku, kowacce da irin cutarwar da take yi.

Shi ya sa nake ganin tunda Hausa ba ta riga ta sa wa waɗannan dabbobi suna ba, dama ce a hannunmu, kada mu ɓata ta da kwafar kuskuren da masu shi ma suke ƙorafi a kansa. Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a nan Wudil, wadda aka buɗe a 2001, aka mai da ta Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022. Ga Jami'ar Bayero da ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Masanan dabbobi da masanan harshe su zauna, amma ina roƙon kada su zauna su kaɗai. A kira sarkin ruwa da tsofaffin masunta, a kunna masu bidiyon dabbar su kalla da kyau, a ji abin da bakinsu zai furta. Mutanen da suka iya bambance kurungu da ragon ruwa cikin duhun asuba da taɓawar hannu, sun fi mu sanin abin da ake dubawa a jikin dabbar ruwa kafin a kira ta.

Kafin a yi wannan zaman, ga abin da ni zan riƙa rubutawa. Dolfin ya zauna a dolfin, kalmar ta riga ta shiga bakin yara kuma ba ta da nauyi. Oka ya zauna a oka, in ana son ƙarin bayani a ce babban dolfin mai baƙi da fari, a bar maganar kifi da maganar kisa. Na ukun kuwa da farko baƙin dolfin ya zo mini, sai dai 'yan ɗakin nasu ma baƙaƙe ne, sunan zai haɗa su duka. Don haka na koma ga alamar da shi kaɗai ya fi fice da ita, wato lanƙwasar nan ta fiffikensa, na ce dolfin mai gwiwa. Wanda yake da wanda ya fi wannan daɗin faɗa, ya kawo, in dai daga jikin dabbar ko halinta ya ɗauko shi.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za a ɗora labari daga inda aka tsaya.